Allon da Ilya Ya Wanke

Duk wanda ya san Ilya a unguwar Barbès ta birnin Paris ya san shi da abu biyu: jakar littattafai da ta fi ƙarfin kafaɗarsa, da wani tsohon Bayahude da yake riƙe wa hannu kowace hantsi, suna tafiya kamar masu taka ƙwai, daga ƙofar gida zuwa kasuwar da ke ƙarƙashin gadar métro, jirgin ƙasan cikin gari. 'Yan Nijar da ke zama a shagon waya na Goutte d'Or sun yi masa tsiya har bakinsu ya gaji. "Ɗan malam guda, ka baro Mirriya neman diplôme, ka ɓuge da zama jikan Yahudawa!" Ilya sai dai ya yi murmushi ya wuce. Shi dama ba mai yawan magana ba ne, kuma in za a faɗi gaskiya ba su yi masa ƙarya ba.

A shekarar 2008 ya zo Paris karatun ruwan ƙarƙashin ƙasa, wato yadda ake gane inda za a haƙa rijiya ba tare da an yi ta tonon banza ba. Karatu kuwa ba ya cika ciki, don haka ya nemi aiki a wata ƙungiya mai tura matasa gidajen tsofaffi su yi musu wanka, su dafa musu abinci, su raka su shan iska. Aka tura shi gidan Monsieur Fradji Zerbib, haifaffen Constantine ta ƙasar Aljeriya, wanda ya ƙarar da rayuwarsa yana rubuta littattafan addininsu da hannu a kan fata. Matarsa ta rasu da jimawa. 'Yarsa tilo, Danièle, tana da kantin magani a Villeurbanne, gefen Lyon. Tana zuwa in ta samu sarari, ba ta kuwa cika samun sararin ba.

Ranar farko tsohon ya dube shi sama da ƙasa ta saman tabarau, ya tambayi sunansa.

"Ilya."

"Eliyahu!" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Kowace shekara ranar idinmu sai mun buɗe maka ƙofa mun ajiye maka kofinka, ba ka zuwa. Sai yau da haƙorana suka zube za ka zo, kuma ka zo a makare?"

Sai daga baya Ilya ya gane cewa Annabi Ilyasu ake nufi. Amma tsokana tun a ranar ya gane ta, don kakansa ma haka yake. Kafin wata ya ƙare ya daina cewa Monsieur, ya koma Baba Faraji, tsohon kuma ya yi ta ɓata fuska kamar bai ji daɗi ba.

Abin da ya haɗa jininsu shi ne warin tawada. Mahaifin Ilya marubucin Alƙur'ani ne a Mirriya, kuma Ilya ya tashi yana fiƙe masa alƙalami yana jiƙa masa ƙaro. Ranar da ya fara shiga ɗakin aikin tsohon ya ga alƙaluman kara jere a gwangwani, ga 'yar wuƙar fiƙe, ga kwalbar tawada da tsumma baƙi ƙirin a gefe, sai ya tsaya cak a bakin ƙofa. Ya ji kamar an ɗauke shi an dire a zauren ubansa, har sai da idonsa ya ciko.

A lokacin hannun Baba Faraji ya riga ya fara rawa, ya daina rubutu a kan fata. Bakin ne dai bai san tsufa ba. Kowace la'asar Ilya yakan shafa masa man kaɗe a hannun dama, ya murza yatsun ɗaya bayan ɗaya, tsohon kuma ya jawo guntuwar takarda ya zana harafi ya hau bayani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba.

"Wannan alef. Ba shi da sauti ko kaɗan, shi ya sa aka sa shi a gaban kowa. Wanda ya iya yin shiru shi ya cancanci shugabanci, abin da ni na kasa ke nan. Wannan bet, gida ne. Ga rufi, ga daɓe, ga bango a baya, gaba kuma a buɗe, don baƙo. Wannan ɗan mitsitsin yod ne, ko ƙasa ba ya taɓawa, amma da shi sunan Ubangiji ya fara. Ka daina raina ƙanana."

Ilya ya ce ai su ma a makarantar allo haruffansu suna da laƙabi. Ya karanto masa ba guje, ha kuri, lam jaye, ya fassara masa gwargwadon iko. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce harafin da ke gudu bai taɓa jinsa ba sai a wajen Hausawa.

Cikin haruffan duka akwai wanda ya fi so, ana kiransa he. Ba a yin mako bai zana shi ba: rufi a sama, ƙafar dama manne da rufin, ƙafar hagu kuma a tsaye ita kaɗai, da 'yar tazara tsakaninta da rufin.

"Duniya ke nan," in ji shi. "Ka ga ƙasa a wangale? Duk mai son fita ya fita, ba mai riƙe shi. To ka ga wannan 'yar tagar ta sama? Ta mai son dawowa ce."

"Me ya hana shi dawowa ta inda ya fita, Baba?"

"Kunya. Wanda ya fita ba ya iya komawa ta ƙofar da kowa ya gan shi ya fita. Dole a bar masa wata. Ƙarama ce, sai ya hau, sai ya sunkuya, amma tana nan. In marubuci ya yi sakaci ƙafar ta manne da rufi, ya rufe wa mutane taga, harafin ya tashi daga aiki."

Akwai doka ɗaya da ba ya wasa da ita. Sunan Allah in an rubuta shi, ba a goge shi, ba a kankare shi. In fatar ta tsufa ko ta lalace, binne ta ake yi kamar mutum. Ilya ya gyaɗa kai, don shi ma ba ya wuce takarda mai sunan Allah a ƙasa bai ɗauke ta ba. Sai ya ba tsohon labarin rubutun sha, yadda ake rubuta ayoyi a allo a wanke a ba marar lafiya. Tsohon ya ce su a Constantine ranar da za a sa yaro makaranta zuma ake shafa wa haruffa ya lashe. "Ku kuna sha, mu muna lasa," ya ce, suka yi dariya suka wuce wurin. Da a ce sun ɗan ƙara zama a kan maganar, da an huta.

Mahaifin Ilya ya ji labarin tsohon a waya har ya zama kamar ya san shi. Da wani ɗan garinsu zai zo Paris, sai ya ba shi saƙo: sabon allo na icen aduwa, da alƙalamin gamba, da ƙullin tawadar zige, ya ce a kai wa abokin sana'arsa. Baba Faraji ya karɓi allon da hannu biyu, ya shinshina, ya shafa, ya jingine shi a kan kanta. Ya daɗe a nan ba a taɓa shi ba. Sai wata safiya cikin bazarar 2010 tsohon ya tashi hannunsa bai cika rawa ba, ya ce a jiƙa masa tawadar. Ya wanke hannu, ya gyara 'yar hularsa, ya zauna ya rubuta layuka kaɗan, kowane harafi a tsaye kamar an dasa shi. Da ya gama gumi ya jiƙa masa riga.

"Mene ne, Baba?"

"Addu'ar neman lafiya. Gajeruwa ce, Ubangiji ba kurma ba ne." Ya ajiye alƙalamin. "Shi ke nan, Eliyahu. Wannan hannun ya gama aikinsa."

Abin da Ilya bai sani ba shi ne, da yammacin ranar, bayan ya tafi aji, tsohon ya kira 'yarsa ya ce mata ya rubuta mata abu da hannunsa, na ƙarshe, in ta zo ta tafi da shi. Duk tsawon shekarun da ya yi yana rubuta wa mutane, bai taɓa rubuta wa Danièle ko layi ɗaya ba. Ta ce za ta zo ƙarshen wata. Ƙarshen watan bai zo ba ciwon ya riga ta.

Ilya ne ya same shi a yashe a bakin gado, baki ya karkace. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ya yi makonni a asibiti, aka maido shi gida da gadon ƙarfe da ma'aikatan jinya masu zuwa safe da yamma. Ɓangaren dama ya mutu, magana ta ɗauke gaba ɗaya. Mutumin da ba ya iya rufe baki ya koma sai ido. Ko ruwa ba ya iya haɗiya sai an zuba masa wani gari mai kaurara shi, a ba shi da cokali. Danièle tana ta zirga-zirga tsakanin Lyon da Paris, hankalinta yana kan likitoci da neman gidan kula da tsofaffi kusa da ita, allon kuma yana nan a kan kanta yana jira.

Ilya ya rame kamar shi ne marar lafiyar. Ya kira ubansa ya tambaye shi ko zai rubuta wa tsohon ayoyin waraka. Malam ya ce, "Ba a ɗura wa mutum abin da bai roƙa ba, balle wanda ba shi da bakin cewa a'a. Ka yi masa addu'a kawai." Ilya ya ce to.

Amma zuciya ba ta jin to. Wata Juma'a bayan ya dawo daga masallaci, yana zaune gefen gadon yana murza hannun da ba ya motsi, idonsa ya sauka a kan allon. Nan take ya ji kamar an yaye masa labule. Ga addu'ar neman lafiya, da harshen mutumin, da addininsa, da hannunsa, a kan allo, da tawadar zige wadda dama don wankewa aka yi ta. Me ake jira? Ba za a ce ya ɗura masa abin wani ba, nasa ne zai ba shi. Ya tuna dokar nan ta kar a goge sunan Allah, ba wai ya manta ba. Sai dai a kan ɗan Mirriya wankewa daban, gogewa daban. Gogewa wulaƙanci ce, wankewa a sha kuwa ita ce iyakar girmamawa, don an ɗauke sunan daga kan ice an kai shi cikin jinin mutum. Ko sau ɗaya bai zo masa cewa akwai mai ganin abin a wata fuska ba. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ya yi alwala. Ya ɗauko sabon kwano, ya tsaya da allon a kai, ya zuba ruwa a hankali yana bi da yatsa kamar yadda ya ga ubansa yana yi tun yana yaro. Haruffan suka narke suka gangara, ruwan ya yi baƙi-baƙi. Da yake mai ilimin ruwa ne, sai da ya tafasa ya tace ya bari ya huce. Ya ɗibi kaɗan ya zuba garin kaurarawa, ya ba tsohon da cokali, ya shafa masa wani a hannu da fuska, ragowar ya juye a gorar roba don gobe. Baba Faraji ya haɗiye ba musu. Sai da Ilya ya jingine jiƙaƙƙen allon a jikin bango ya bushe, sannan idon tsohon ya kai kansa. Idon ya buɗe sosai, wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, hawaye ya gangaro ta ɓangaren da ke da rai. Ilya, bawan Allah, ya ɗauka alamar sauƙi ce, har ya ce alhamdu lillahi.

Kafin faɗuwar rana Danièle ta iso daga tashar jirgi da 'yar jakarta. Ta sumbaci ubanta, ta ce yau kam ba za ta manta da kayanta ba, ta nufi kanta. Ta tsaya. Ta juyo ta ga allon a ƙasa, fari tas sai inuwar tawada.

"Ina rubutun?"

Ilya ya yi mata bayani da fara'arsa, har da nuna mata gorar. Yana cikin magana ya ga fuskarta tana sauyawa, muryarsa ta riƙa raguwa har ta mutu.

"Ka wanke." Ta faɗa a hankali. "Da sunan Allah a ciki, ka wanke. Ka ba mutumin da ba ya iya haɗiyar miyau tawada ya sha. Kuma nawa ne. Ni ya rubuta wa. Shekara hamsin ina jiran layi ɗaya daga hannun nan, ko karanta shi ban yi ba."

"Madame, wallahi ban sani ba..."

"Ba ka tambaya ba! Gidanmu ne, addininmu ne, ubana ne, ba ka tambaya ba!"

Ba ta zage shi ba, da ma ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta mabuɗi. Ya juya zai yi wa tsohon sallama, ta shiga tsakaninsu. Bayan 'yan kwanaki, da ya kasa haƙuri ya koma, mai gadin gidan ta ce motar asibiti ta zo ta tafi da shi Lyon.

Garin neman gira an rasa ido. Ilya ya kira ya kira ba a ɗauka. Ya bar saƙonni har ya ji kunyar muryarsa. Ba aikin ne ya dame shi ba, ƙungiyar ta ba shi wani gida. Abin da ke cin ransa shi ne hawayen nan da ya ɗauka na sauƙi ne. Yanzu ya san na mene ne, ko kuma yana zaton ya sani. Tsoho ne mai shekaru, ciwon kuma ba mai sakin mutum ba ne. In ya mutu da wannan a zuciyarsa, ba su yafi juna ba, Ilya bai san inda zai kai nauyin ba. Ya daina bi ta kasuwar ƙarƙashin gada, don mai na'ana'a ba ya fasa tambayarsa ina kakansa.

Da hutun kaka ya zo ya hau jirgi zuwa Lyon, ya sauka wajen Safi, 'yar gwaggonsa, ma'aikaciyar jinya da ke zaune a Vaulx-en-Velin. Ta zuba masa shinkafa da miyar kuɓewa, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta riƙe haɓa.

"Kai Ilya! Franchement, duk karatun nan naka? Ka wanke wa Bayahude allo?"

"Yaya Safi, lafiya nake nema masa."

"Na sani mana. Da uwata ce a kwance ni ma abin da zan so a yi mata ke nan. Mais ba uwarka ba ce, uban wata ne." Ta tura masa ruwa. "Yanzu me kake so?"

Ya ce ya binciko gidan tsofaffin da aka kai shi. Yana so ta taimaka masa ya shiga lokacin da 'yar ba ta nan, ko minti kaɗan ne.

"Jamais, ko kusa. Ka yi na farko ba ka tambaya ba, za ka ƙara na biyu? Ba ta katanga za ka shiga ba. Ka je pharmacie ɗinta, gaban kowa, ka ba ta haƙuri. In ta kore ka ta kore ka. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne."

Safi karin magana ta yi, Ilya kuwa ya ɗauke ta da gaske. Washegari ya hau bas ya shiga métro ya sauka Villeurbanne, ya bi layi a kantin maganin kamar mai saye. Da layi ya zo kansa, sai ya cire hula ya zube a ƙasa ya durƙusa, kamar yadda ake yi wa manya a gida, ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa mai ɗan kare ta ja da baya, wani ya tambaya ko a kira motar asibiti.

"Tashi!" Danièle ta faɗa ƙasa-ƙasa, fuskarta ta yi ja. "Don Allah tashi, kana tara mini jama'a."

Ta ja shi ɗakin baya, cikin kwalayen magani. Ya buɗe baki zai fara jawabin da ya shirya tun daga Paris, ta ɗaga masa hannu.

"Na ji saƙonninka duka. Ban yafe ba, kar ka yi zaton na yafe." Ta zauna a kan wani kwali, ta cire tabarau tana murza ido. Ta tsufa a 'yan watannin nan. "Na je wajen rabbi, malaminmu, da allon da gorar. So nake ya taya ni fushi. Ya ce haramun ne, babu shakka. Allon a binne shi, ruwan a zuba a ƙasa mai tsarki. Sai kuma ya ce wai magabatanmu sun ce akwai inda Ubangiji da kansa ya yarda a wanke sunansa a ruwa, don a sasanta mutanen gida ɗaya. Na fito ina fushi da shi shi ma."

Ilya ya tambaya ko ta binne allon.

"Ban binne ba, ban zubar ba. Na kasa." Ta buɗe tafin hannunta tana kallo. "Tun da muka zo, kullum in na zauna kusa da shi sai ya kamo hannuna da hagunsa ya zana mini harafi da yatsa. Guda ɗaya, kullum shi. Rufi, ƙafa, sai ya ɗaga yatsan ya sauke wata ƙafar daban."

Ilya ya ɗago kai da sauri. Harafin he ne, mai taga.

"Ka san shi ke nan," ta ce. "Ni ma na san shi. Ina da shekara ashirin na bar gidansa, na ce na gaji da dokokinsa. Mun yi shekaru ba ma magana. Ranar da na dawo na tsaya a bakin ƙofa na kasa ƙwanƙwasawa, sai na ga ashe ba a kulle take ba. Uwata ta ce tun da na tafi bai taɓa yarda an sa mata sakata da rana ba." Ta share ido da bayan hannu, cikin haushi. "Na yi ta gaya wa kaina wai sunan Allah yake son rubutawa, tunda harafin yana cikinsa, yana kukan abin da ka goge. Ƙarya nake yi wa kaina. Na san wa yake nufi, kai yake so a bar wa taga."

Ta miƙe ta cire farar rigar aiki, ta ɗauki mabuɗin mota.

Gidan tsofaffin yana bayan wani lambu, ɗakin Baba Faraji a hawa na biyu. Ya ƙanƙance ƙwarai, gemun ya yi buzu-buzu, 'yar hular ta zame gefe. Allon yana jingine a kan teburin gefen gado, gorar robar tana bayansa. Ilya ya tsaya a bakin ƙofa.

Tsohon ya juyo da ido. Ya daɗe yana kallonsa. Sai ya ɗaga hannun hagu ya bugi ƙarfen gadon, kamar yadda yake buga sanda a ƙasa, ya nuna agogon bango, ya harare shi. Ilya ya gane sarai: ka zo a makare. Dariya da kuka suka kubce masa lokaci guda. Ya ƙarasa ya durƙusa a gefen gadon.

"Baba, ka yafe mini. Na ɓata maka aikinka na ƙarshe. Na ɓata wa 'yarka."

Baba Faraji bai dube shi ba, gorar yake nunawa. Danièle ta ɗauko ta buɗe. "Ba dai sha ba, Papa, ya daɗe." Ya girgiza kai, ya miƙa tafin hannu. Ta zuba masa kaɗan. Ruwan ya yi duhu, yana warin ƙaro da hayaƙi. Ya shafa a fuskarsa. Ya sake miƙa hannu ta ƙara masa, ya yafito ta, ta sunkuyo. Ya shafa mata a goshi da kumatu, a hankali, daga dama zuwa hagu, kamar mai bin layi. Addu'ar da ya rubuta mata ce, ta iso gare ta ta hanyar da ba wanda ya shirya. Danièle ta rufe ido, baƙin ruwan yana gangarowa yana haɗuwa da hawayenta yana ɗiga a wuyan rigarta, ba ta goge ba.

Ɗan abin da ya rage a tafinsa ya ɗora a kan Ilya, ya bar hannun a nan.

Can Danièle ta ja hanci ta ce, ba tare da ta dubi Ilya ba, "Ba ya yarda kowa ya taɓa masa hannun dama. Ma'aikatan sun gaji, har cizo ya kai wa ɗaya."

Ilya ya laluba aljihun rigar sanyinsa ya fito da ɗan gwangwanin man kaɗe da ya taho da shi tun daga Paris, bai san ko zai buɗe shi ba. Ya zagaya ɗaya gefen gadon, ya ɗago hannun. Ya yi sanyi, ya bushe, yatsun sun dunƙule. A gefen yatsan tsakiya har yanzu akwai baƙin tabon nan da tawadar shekaru ta bari, wanda ba sabulun da ya taɓa fitar da shi. Ya lakato man ya ɗumama shi a tafinsa, ya fara da babban yatsa.

Danièle ta jawo kujera ta zauna kusa da shi.

"Nuna mini yadda kake yi," ta ce.